Rasuwar Bajamushe, Murfin Akurkin Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Sietske Hiemstra, malamar tarihi, nake sanar da mutanen ƙauyen Aldemar rasuwar Bajamushe, murfin akurkin kajinmu. Kada wanda ya ce bai san shi ba. Shekara tamanin kuna wucewa ta bakin shingenmu, kuna ganin baƙin gicciyen sojan Jamus da ke jikinsa, kuna kau da kai.

An haifi marigayin a wata masana'anta a Jamus, ya fara rayuwa a matsayin fallen gefen wani jirgin yaƙi. Ya iso garinmu a shekarar 1943, ranar da jirgin ya faɗo a fadamar bayan coci. Laka ta haɗiye gaban jirgin da matuƙinsa. Abin da ya rage a sarari, iyayenmu suka kwashe kafin sojoji su iso. Mahaifin kakana ya ɗauko fallen, ya buga shi a kan akurki, ya shafe cikinsa da kwalta.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa tsatsa ba, bai taɓa yoyo ba, shaho bai ɗauki ɗan tsako ko ɗaya a ƙarƙashinsa ba. Da ruwan sama muryarsa kwal-kwal-kwal ce, in kuma iskar teku ta taso sai ya koma gwaf, gwaf, har kakana Douwe ya leƙa taga ya ce, "Ji Bajamushen can, har yau so yake ya tashi."

Ciwon ajalinsa ya soma ne da wata wasiƙa. Hannelore Brandt ce ta rubuto wa kwamitin ƙauye daga Kassel ta Jamus, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya. Mahaifinta matuƙi ne, ya ɓace a yankinmu tana cikin mahaifiyarta. Jirage uku suka faɗi a makon, kuma an ce mata ba za a tona fadamar ba sai an ga lambar jirgin. Roƙonta shi ne mu taimaka a nemo lambar. Shugaban kwamiti, Baba Auke Postma, ya naɗe wasiƙar a gaban taro ya ce mini, "Bar mamaci ya huta, 'yata. Ai kowa ya san inda yake, ciyawar wurin ta fi kore." Na miƙe na kira su matsorata, ɓarayin gawa. Har yau ban janye ba.

Na san akwai lamba a cikin murfinmu, ƙarƙashin kwalta da kashin kaji, don ana ganin kan lamba bakwai ya leƙo. Masu gyaran irin waɗannan kaya suna gidan tarihi, tafiyar rabin awa a mota. Ban kai musu ba. So nake in shiga taro na gaba da lambar a hannuna, in ga fuskar Baba Auke. Na ɓamɓaro murfin, na tsoma a kwatarniyar ruwan sodar da muke wanke bututun tatsar madara. A garin nan da ita muke wanke komai, ban ko tsaya tunani ba. Ya yi tsss, ya fara kumfa. Na ɗauka daudar ce ke fita, na tafi makaranta. Soda kuwa cin alminiyam take yi, marigayin kuma alminiyam ne. Da na dawo ƙarfe huɗu, ya cika: huji ko'ina, gicciye ya tafi, lamba ta tafi, sai toka-tokan ruwa.

Kaka ya daɗe yana kallon kwatarniyar, sannan ya ce, "Sannu, malama. Harsashi bai kashe shi ba, kashin kaji bai kashe shi ba, sai digirinki."

Marigayin ya bar 'yan'uwa da dama: reshen farfela da ke tokare ƙofar rumbun Baba Auke, tayar jirgin da gwauruwa Trijntje ke shuka fure a ciki, agogon matuƙi da ke rataye a shagon shan giya, da wasu da aka ɓoye a ɗakunan sama. Ya kuma bar Hannelore, wadda ƙila shi kaɗai ne ya san inda mahaifinta yake.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a zauren coci. Gawar za ta kasance a kan tebur, ba rufi, kowa ya ga aikina. Ƙwararru biyu daga gidan tarihi za su zo da fitilunsu. Hannelore ma za ta zo a jirgin ƙasa, ni zan ɗauko ta, kuma da bakina zan gaya mata abin da na yi kafin mu iso.

Ba a buƙatar fure. Akwai kofi da kek. Abin da ake buƙata shi ne kowane gutsuren jirgin nan da ke gidajenku, ko da ƙusa ce, don lambar na iya kasancewa a jikin wani. Baba Auke, ka tokare rumbunka da dutse, ka kawo farfelar. Ku hau sama yau ku duba. Ku kawo su da ƙurarsu da daudarsu, kada ku wanke komai.