Nomau da 'Yan Dakon Magani

A wani ƙauye da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum. Matarsa Lantana mai awara ita ce hankalin gidan. Shekara da shekaru tana gyara ɓarnarsa tana dariya. 'Yarsu ɗaya ta yi aure can nesa, gidan ya rage daga su sai awaki.

Ana nan sai Lantana ta kwanta. Wuya ya ɗan kumbura, murya ta dushe, ga kasala, ga jin sanyi ana tsakiyar bazara. Yayanta Shekarau, direban babbar mota mai zafin kai, ya kai su asibitin birni. Likita ta ce maƙoƙo ne: abin da ke cikin wuya mai samar wa jiki sinadarin kuzari ya gaza, sai ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum da safe. A hanyar dawowa Shekarau ya ce, "Nomau, in na dawo daga tafiya ban ga sauƙi ba, gidana zan tafi da ita." Tsoro ya kama Nomau, don bai san yadda ake kwana a gidan nan babu Lantana ba.

Wata rana ya tuna mai ba da magani ya ce a ajiye shi a wuri mai sanyi inda rana ba ta kaiwa. Ya yi tunani iya tunaninsa, ya ƙulle maganin a leda, ya sa a gwangwani, ya zura shi da igiya cikin rijiyar unguwa. Da safe gugan wata mata ya jawo gwangwanin. Nan fa aka yi ca, wai an yi wa rijiya asiri, har aka kira liman. Sai ga Nomau a guje. "Ku yi a hankali, na Lantana ne!" Liman ya ce, "Wa ya ce ka sa magani a rijiya?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, in akwai inda ya fi nan sanyi a nuna mini." Liman ya riƙe hannunsa har gida ya nuna masa gindin randa.

Wata rana suka koma asibiti su biyu, don sauƙin bai taka kara ya karya ba. Lantana na gyangyaɗi a kan benci, Nomau ya tambayi likita ina wannan 'yar ƙwaya take zuwa in an haɗiye ta. Likita ta ga da gaske yake, ta ce, "Baba, jikin mutum kamar gida ne mai ƙananan ɗakuna barkatai. Sinadarin da ke cikin ƙwayar nan ba ya keta bango, ta ƙofa yake shiga. Kuma ba ya shiga da kansa, akwai 'yan dako da ke ɗaukarsa. Wasunsu ma su ne masu shigar da abinci." Nomau ya gyaɗa kai. Suna isa gida ya cire ƙyauren zaure, ya yaye asabarin ɗaki, ya buɗe har rumbu. Magani dai ba a ga shigarsa ba, amma awaki sun shiga sun cinye waken awara tas.

Wata rana, ranar kasuwa, ya je tasha ya zo da ɗan dako, wani ƙato mai suna Barmo, da gammonsa. Barmo ya duba tsakar gida ya ce, "Ina kayan?" Nomau ya buɗe tafin hannu ya nuna masa ƙwaya kamar ƙwayar dawa. "Daga gindin randa zuwa bakinta. Ka bi ta ƙofa." Barmo ya so ya yi faɗa, sai ya hango matar a ƙudundune cikin bargo da rana tsaka. Ya ɗora ƙwayar a kan gammo, ya taka a hankali har da nishi, ya durƙusa ya sauke. Lantana ta yi murmushi, wanda rabon Nomau da ganinsa har ya manta. Barmo ya ƙi karɓar ko sisi.

Wata rana da asuba Lantana ta miƙa hannu a ba ta kunu da awara, don da su ta saba tura maganin. Nomau ya tsaya da kwano a hannu, sai ya janye. "Malam, yunwa nake ji." "Yi haƙuri. 'Yan dakon nan su ne na abinci. In suka ga awara, wa zai kalli 'yar ƙwaya? Bari su gama da ita tukuna." Ya ba ta maganin da ruwa zalla, ya zauna a bakin ƙofa ya rungume kwanon cikin rigarsa don kada kunun ya huce, har rana ta hau kan katanga. Ta yi magiya, ya kau da kai yana share ido. Haka ya riƙa yi kullum, maƙwabta suna cewa wautar Nomau ta kai ga hana mara lafiya abinci.

A haka Shekarau ya dawo ya same su wata safiya, ƙanwarsa na cewa yunwa, mijin na zaune da kunu a cikin riga. Ransa ya ɓaci har bai lura da cewa muryar da ke ƙorafin ta washe ba. Ya ce ta haɗa kayanta, su biya ta asibiti a duba ta, daga can sai gidansa. Nomau ya bi su a baya riƙe da ƙullin kayan.

Aka gwada jininta. Likita ta duba sakamakon ta ce, "Me kuka canza? Maganin ya fara aiki sosai." Shekarau ya ce, "Canji? Wannan bawan Allah hana ta kari yake yi har hantsi!" Likita ta yi dariya. "Ai haka ake so. Tun ranar farko na gaya mata a sha shi ciki babu komai, awara kuwa tare shi take tun a hanji. Mantuwa ma cikin ciwon take. Baba, lissafinka ba daidai yake sak ba, amma aikinka ya yi."

Shekarau ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Lantana ta miƙe da kanta, ta karɓi ƙullin kayanta daga hannun Nomau. "Yaya, na gode da ɗawainiya. Ka mayar da ni ɗakina."

Nomau ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya durƙusa gaban tebur, hawaye na zuba. "Likita, ke ce kika san inda suke. In kin ga 'yan dakon nan, ki ce musu mijin Lantana ya gode."