Wuyan Tela, Bayan Kafinta

"Lafiya lau, sai dai ban gane mai gaishe ni ba. Wace tsohuwa ce wannan take juyowa gaba ɗaya kamar kabad?"

Kaka ne, tsohon kafinta, a ƙofar shagon ɗinkin jikarsa. Sati biyu ke nan wuyanta ya riƙe, in za ta dubi mutum sai ta juya jiki duka. Likita ya ce ko ta gyara zamanta a gaban keke, ko ta rufe shago wata guda, ga kuwa kayan makarantar yara arba'in jibge a tebur. Shi ya sa ta aika masa ya zo da tef ɗin awo.

"Sannu da zuwa, angona. Awa biyu daga gida? Ko haƙoranka ka tsaya nema a hanya?"

"Wata matar na tsaya nema. Wannan ta lalace."

Ta ce duk wadda ta karɓe shi sai an haɗa mata da man zafi kwalba goma. Ya ce shi bayansa ko sandar ƙarfe albarka, shekara hamsin yana ɗaga katako bai taɓa cewa wash ba.

Ya sa ta zauna ta yi ɗinki ya gani. Ta nutse a kujerar roba, ta dunƙule, hanci kamar zai taɓa allura. Waya ta yi ƙara, ta maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, ƙafa na ta taka keke. Kaka ya daina dariya. Ya ce kujerar ta yi ƙasa, ba ta tallafar ƙugu, hasken kuma a bayanta yake, dole ta sunkuya. Suka juya keken ya fuskanci taga. Ya ce duk rigar da ta gama ta miƙe ta taka zuwa ƙofa ta motsa kafaɗu, waya kuma a hannu ake riƙe ta.

Garin awo tef ɗin ya faɗi. Ya sunkuya a tsaye zai ɗauka, sai ya tsaya a nan, hannu a ƙugu.

"Sandar ƙarfe, lafiya?"

"Simintin nake dubawa. An cuce ki a aikin nan."

"Gama dubawa. Likita dai ya ce gwiwa ake lanƙwasawa, ba baya ba. Kuma mai wuni a ruɓaɓɓiyar kushin yana jin rediyo ba shi da bakin yi wa wani faɗa."

Ta kama hannunsa, ya miƙe a hankali, ya zauna yana dariya har da hawaye. Ya ce ta ci shi, daga gobe zai riƙa takowa shagon kullum da safe, ko don ya ga mai zawarcinta.

Da ya huta ya dubi awon da ya rubuta a tafin hannunsa. Ya ce ba sai an ƙera mata sabuwar kujera ba. Akwai kujera mai jingina da ya yi wa kakarta, shekara talatin tana ɗinki a kai, tun rasuwarta bai bar kowa ya zauna ba.

"Tsayinku ɗaya," ya ce. "Gobe zan sa a kawo miki."

Ta daɗe tana gyara zare a allura kafin ta ce, "To, na fasa neman saki."