Ɗigon da Bai Hau Jirgi Ba

Idan ana maganar tsare sirri, ofishinmu ya yi dace, domin Allah ya ba mu Maimakulli. Mataimaki ne a sashen fayil, amma wannan ƙaramin matsayi ne ga babban mutum. Wayarsa kaɗai sai an bi ta yatsa, an bi ta fuska, sannan a zo kan lambar da shi kansa yakan manta. Ka tambaye shi ya gida, sai ya dubi hagu da dama, ya ce wa ya aiko ka.

Hotunan da yake ɗorawa a intanet abin koyi ne. Yakan rufe fuskar matarsa da fure, na 'ya'yansa da taurari, ya shafe lambar mota, har kyanwar gidan yakan sakaya. Fuska ɗaya yake bari a sarari, tana sheƙi. Sadaukarwa ce, in ji shi.

Da aka ji za a naɗa jami'in kare bayanan ma'aikata, da ofishinsa da kujera mai juyi, Maimakulli bai ce yana so ba. Auna kujerar kawai ya yi da ido. Sannan ya tara mu a ɗakin taro don ya wayar mana da kai.

"Dukanku tsirara kuke yawo," in ji shi. "Wayar nan ta san inda kuka kwana. Ku duba."

Ya danna, ya tura wurin da yake zuwa zauren ofis na waya, wanda har Darakta yana ciki. Wani shuɗin ɗigo ya fito a taswira, daidai kan gininmu.

"Wannan ni ne. Jahili sai ya bar shi a kunne."

Aka tafa. Shi kuwa tafi na taɓa masa zuciya. Ya jefa wayar a aljihu don ya samu hannun ɗaga wa jama'a.

Ba a jima ba ya sanar cewa an gayyace shi taron ƙwararru a ƙasar waje. Wace ƙasa? Sirri ne. Darakta ya ba shi izinin tafiya, ya roƙe shi ya kawo wa ofis ilimi, tunda naɗin yana jiran dawowarsa.

Hotuna suka fara sauka a zaure. Ga shi cikin kwat, bayansa fari fat, wai dokar taron ta hana nuna wuri. Ya yi kukan sanyi, ya yi kukan abincinsu. Ɗigon kuwa bai hau jirgi ba. Titi ya tsallaka, ya wuce gidan mai, ya shiga layin masu katifa, ya tsaya a shagon yayan Maimakulli. Nan yake kwana, nan yake tashi. Da rana yakan ɗan matsa zuwa gidan abincin da ke kwanar layin, ya dawo da nauyi.

Babu wanda ya gaya masa. Ai shi ya koya mana rufe baki. Aiki ne dai ya ɗan ragu, saboda kallon taswira.

Darakta mutum ne mai haƙuri, sai dai bayansa na ciwo. Ran nan ya ce yana bukatar katifa. Yayan ya tarbe shi da ranka ya daɗe, ya nuna masa na ƙofa. Darakta ya ce ta ciki yake so, wadda aka riga aka gwada. Ya ɗaga labule. Ga ƙwararre a miƙe yana minshari, kwat a jikin ƙusa, farin zanen gado a kafe a bango, waya a kan ƙirji.

Bai tashe shi ba. Hoto ya ɗauka, ya tura zaure, ya rubuta: "Na rufe fuskar, kamar yadda aka koya mana." Fure ne kuwa, babba. Tumbin da zoben da safa mai huji bai samu abin rufe su ba.

Maimakulli ya dawo da jaka mai taya. A cikin sabon ofishin ya tarar da wata tana juyi a kujerar da ya auna. Ya yi gyaran murya, ya ce ya ga hoton, kuma ya yaba wa Darakta, domin ko a kotu ba mai iya gane mutumin.

Muka ce gaskiya ne. Ɗigon dai har yau a kunne yake. Ba mu so mu shiga sirrinsa.