Gawar da Ta Kori Ƙuda

Sammani na Gangara ba ya zama majalisa bai ce, "Ni da kuka gani, na taɓa hitowa a fim!" ba. Fim ɗin kuwa kun san shi, Kuran Bakin Gulbi, wanda aka ɗauka a garin Isa. Bindigar ɗan fashi taɓarya ce, jini zoɓo ne, sarki kuma da agogon roba. Muninsa ne ya sa jama'a ke nemansa ruwa a jallo. Gogan naku ya ɗauka fim ɗin ya ɓace, shi ya sa yake cewa shi ne jarumin.

Sai Naja'atu, wadda yake mutuwar so, ta rantse ba maganar aure sai ta ga jarumtarsa da idonta.

Ya ce mata fim ɗin ya ƙone. Ta ce ƙawarta Sadiƙa ta ji wani mai tura finafinai a kasuwar Isa yana da shi. Sarkin dabara ya haye babur, ya riga kowa zuwa, ya raɗa wa mutumin cewa don Allah ya goge. Mai shago ya ƙura masa ido, ya dafe ƙirji.

"Jama'a, ku taho! Ga gawar nan da ranta!"

Kan ka ce kwabo kasuwa ta taru, ana ɗaukar hoto da shi, ana tura fim waya zuwa waya. Fim ɗin ma ya riga babur ɗinsa isa Gangara.

Ya tarar da Naja'atu da ƙawaye a zaure, suna kallon fim ɗin a waya, sun kai daidai wurin da ya fito. Ga Sammani miƙe a tabarma, dangi na kuka. Ƙuda ya sauka a hancinsa, gawa ta kai masa mari. Mai ƙosai ta gifta, gawa ta buɗe ido ɗaya ta raka faranti har ƙofa. 'Yan mata har birgima suke, sau huɗu ana maido wurin.

Ya gyara hula, ya ce ai fitowar gawa sai ƙwararre.

Naja'atu ta share hawayen dariya ta ce, "Sammani, kwanciya kawai anka ce ka yi, ka kasa. Wanda bai iya zama gawa ba, ina za shi iya zama miji?"