Masarar da Na Ji Tausayinta

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na taimaki Isiyaku ba. Shi ma na san bai manta ba, don har yau in ya zo gaishe ni sai ya tambayi lafiyar tantabaruna, alhali ya san rabona da kiwon tantabaru tun gemuna yana baƙi.

Isiyaku ɗan marigayi yayana ne, a hannuna ya tashi a Gazara. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, yana ajin ƙarshe a makarantar kwana a Zariya, ya ƙwallafa rai sai ya shiga jami'a ya karanta kimiyya. Ni iyakar bokona ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma na daina zuwa ranar da malamin ya ce in fito gaban allo (ga yara cike da taga suna leƙe). Amma na gane abu ɗaya: guraben kaɗan ne, masu nema kuwa daga kowace kusurwa. In yaron bai samu ba, sai dai ya dawo mu yi ta matsar rake muna dafa mazarƙwaila har tsufa ya raba mu.

Malaminsa na kimiyya, Malam Yohanna, mutumin kudancin Zariya, shi ya ba shi shawara. Ya ce masa duk wanda zai nemi wurin nan ya ci lissafi kamar yadda ya ci, saboda haka maki kaɗai ba zai fitar da shi ba. Ya ƙirƙiro wani aiki na kansa, ya yi da hannunsa, ya kai shi ƙarshe, ya kuma iya kare shi in an tsare shi da tambaya. In ya yi, shi Malam zai zo ya gani da idonsa, sannan ya rubuta masa shaida.

Da ya zo hutu sai ya roƙe ni 'yar gonar bayan gida. Ya raba ta gida uku, ya shuka masara iri ɗaya a rana ɗaya. Kason farko ya zuba masa takin shanu. Na biyu ya barbaɗa masa takin zamani, irin wanda malaman gona suka fara kawowa mutane suna tsoron taɓawa.

Na ce, "Na ukun fa?"

Ya ce, "Shi ba za a sa masa komai ba, Baffa."

"Laifin me ya yi?"

"Ba laifi. Da shi za a auna sauran."

Na ce to. Irin to ɗin da ake ce wa ɗan boko don ya yi shiru. Ranar da zai koma makaranta ya sake jaddada mini: noma kawai, a cire ciyawa, kada a ƙara komai. Na ce masa ina noma tun ubansa yana yawo ba wando (wannan ƙarya ce, ubansa ya girme ni).

To ga inda matsalar take. Kason nan na uku shi ne a bakin hanya, hanyar masallaci kuma hanyar rijiya. Sauran biyun suna can ciki suna sheƙi ba mai ganinsu, shi kuwa yana gaban jama'a, rawaya, siriri, ganye a lanƙwashe. Mata in sun wuce sai in ji suna "Allah sarki." Ɗanjuma maƙwabcina, wanda bakinsa bai taɓa hutu ba, kullum sai ya tsaya ya dafa sandarsa ya ce, "Baffan ɗan boko, masarar taka har yanzu azumin nafila take yi?" Duk na jure. Abin da ya karya ni shi ne ranar da Liman ya ja ni gefe bayan La'asar, ya sassauta murya ya ce in akwai matsi a gida in faɗa, jama'a za su haɗa mini taki, babu wanda ya fi ƙarfin jarrabawa.

Ni! Mai ɗakin tantabaru cike da kashi har gwiwa!

Ranar kasuwar Makarfi, gari ya watse, na ɗebo kashin ƙwarya guda na zuba a gindin kowace masara ta kason. Na ce ɗan kaɗan ne, don dai ta iya gaida mutane. Bayan kwana biyu na ga ta fara kore, na ƙara. Na haɗa da toka. Duk wanda ya san kashin tantabara ya san ba ya wasa. Kafin a yi haka masarar ta wuce ta takin shanu, ta wuce ta takin zamani, ta wuce ni. Ɗanjuma ya koma bin wata hanya. Ni kuwa ina ta lissafin irin godiyar da yaron nan zai yi mini.

Ranar da za su zo na sa babbar rigata ta Sallah. Malam Yohanna ya iso a kan babur, Isiyaku a bayansa, yaran gari a bayansu, iyayen yaran a bayan yaran. Da Isiyaku ya hango kason na uku sai na ga ya tsaya cak, baki buɗe. Na ce a raina, murna ce.

Malam ya fito da igiyar awo. Ya auna na farko, ya auna na biyu, ya zo na uku sai da ya yi ɗage. Ya sake aunawa. Sai ya juya ya fara yi wa yaron magana da Turanci, murya tana hawa, yana nuna masara yana nuna shi. Isiyaku yana ta haɗa gumi yana girgiza kai. Ni da ba na jin ko "zo" da Turanci, na fassara wa kaina cewa Malam yana tambayar wane gwani ne ya yi wannan aiki, yaron kuma yana so ya cinye yabon shi kaɗai.

Na gyara hannun riga, na ratsa jama'a, na yi gyaran murya.

"Malam, a yi wa kowa adalci. Waɗancan biyun aikin Isiyaku ne. Wannan kuwa," na dafa kara kamar mai dafa kafaɗar ango, "nawa ne. Kashin tantabara ne da toka. In jami'a tana so, ina da saura."

Isiyaku ya zauna a ƙasa daɓas, da fararen kayan makarantarsa. Malam Yohanna ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri da ka yi magana. Yanzu nake gaya masa ko ya rikita gonar ko yana yi mini ƙarya, kuma ko wanne ne ba zan sa masa hannu ba. Ashe yaron ba maƙaryaci ba ne. Baffa yake da shi."

Na ce, "To ba ta yi kyau ba ne?"

"Ta yi kyau ƙwarai. Shi ya sa ba ta da amfani. Baba, in ba mu ga yadda masara take in ba ta ci komai ba, ta yaya za mu san abin da taki ya ƙara? Yunwarta ita ce aikinta. Kai kuma ka sallame ta daga aiki."

Ɗanjuma ne ya fara dariya, sai da ya yar da sanda ya riƙe ciki. Liman ya rufe baki da rawani yana ta istigfari, kafaɗunsa suna rawa. Ni ina tsaye cikin rigar Sallah, hannuna har lokacin yana kan karan, na rasa yadda ake sauke shi.

Da daddare yaron bai ci tuwo ba, ya shige ɗaki ya kwanta. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Allah ya taimake ni akwai sauran lokaci kafin jami'a ta kira masu nema ganawa. Malam ya ce a sake da rani a fadama, kuma Isiyaku ya rubuta duka biyun, wanda ya lalace da wanda ya gyaru, kada ya ɓoye komai. Ban ruwa da jigo kuwa aka ɗora wa wanda ya fi kowa son taimako. Haka na yi ranin nan ina jan ruwa, ina gadin masara mai yunwa. Sau ɗaya na kama matata Hajara ta nufo ta da toka a ɓoye cikin zane, na yi mata wa'azin kimiyya har sai da ta tambaye ni yaushe na zama Bature.

Da ya dawo daga ganawa na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce malaman ba su wani daɗe a kan gwajin da ya yi kyau ba, a kan nawa suka zauna. Suka tambaye shi yadda ya gano an samu matsala, da abin da ya canja, da abin da ya koya. Ya ce musu ya koyi cewa kafin mutum ya shuka gwaji, sai ya fara fahimtar da danginsa. Wai wani dattijo a cikinsu ya yi dariya har ya ce shi ma yana da baffa.

Sun ɗauke shi. Ya zama malamin ilimin ƙasar noma, ya koyar har ya yi ritaya. Na daɗe ina jin daɗin cewa sunana bai shiga ko'ina ba, sai da wani ɗalibinsa ya zo gaishe ni, ya durƙusa, ya ce ashe ni ne. Wai a sashensu duk gwajin da wani ya sa wa hannu ya ɓata, cewa suke an yi masa Baffa.

Yanzu in iyaye sun zo suna tambayata yadda yaro zai samu shiga irin wannan jami'a (suna ganin ni na san hanya), sai in ce ya dage da lissafi, ya riƙe malaminsa, ya yi wani aiki da hannunsa, ya faɗi gaskiyar abin da ya fito ko da bai yi kyau ba. In sun ce su fa, me za su yi, sai in ce su ba shi fili, amma wanda ba ya bakin hanya.