Na Koma Faransa Ina Zaune Filingue

A fadarmu ta shayi na ga wasan ordinater, wato kwamfuta, da wani saurayi ya ƙera shi kaɗai. Kantin intanet ya karya mana kuɗinsa, wai mu 'yan Nijar ne.

"Ni ba a yi mini sadaka," na ce.

Abokina Idi ya ce, "Malam, aika ma saurayin kyauta kai tsaye mana." Na watsar da shi. Da katin bankin ƙanena da ke Turai, na maida ƙasata Faransa a kantin, na biya cikakke ina hura hanci.

Da na so maida ƙasata Nijar, kantin ya ƙi maido ni gida. Kowane wasa yanzu farashin Turai nike gani.

Ko akuya na taya a kasuwar Baleyara, sai Idi ya ɗaga murya: "Ku tsawwala mai, daga Faransa ya zo!"