Rubutun Rabi, Yabo Nawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Djougou ba, ranar da guntun alli ya tona min asiri a gaban malamai cike da aji. Har yau in na tuna sai na ji gumi ya tsatso min a ƙeya. Amma bari in faro muku daga tushe, don ku san ba zaluntata aka yi ba, ni na jawo wa kaina.

Ni malami ne a wata ƙaramar makarantar kuɗi a unguwar Albarika, a Parakou. Shekarar da aka ɗauke ni aiki, direkta ya ba ni ajin 'yan shekara shida, ajin da ake kafa wa yaro hannu. Duk wanda ya yi boko a ƙasarmu ya san ba a wasa da wannan. A nan rubutun haɗe ake koya wa yaro tun farko: kowane harafi ya kama na gabansa, biro ba ya tashi daga takarda sai kalma ta ƙare. Kaye ma, wato littafin rubutun yara, da ƙananan layukansa, wannan harafi ya hau layi uku, wancan ya tsaya a biyu, wani ya saki wutsiya ƙasa.

To ni fa ban iya ba. Ina ƙarami aka kai ni wurin kawuna a Najeriya, can na yi azuzuwan farko, inda ake rubuta harafi ɗai-ɗai. Da aka dawo da ni gida na kama Faransanci, na ci jarrabawa, amma hannu ya riga ya bushe. Rubutuna ba na can ba, ba na nan ba. (Malamanmu na sakandare sun sha rubuta min "ba ya karantuwa" a gefen takarda, ni kuwa ina cewa a raina ai manyan masana duk haka rubutunsu yake.) Takardar neman aiki a kwamfuta na buga ta, don haka direkta bai san hannuna ba.

Ga kuma al'adar aikin. Malami ne ke kwasar kayen yara gaba ɗaya, ya rubuta musu samfuri da jan biro a saman shafi, layi ɗaya, su kuma su kwaikwaya a ƙasa. Abin da malami ya sa da ja, shi yaro zai ɗauka har tsufansa. Ranar farko na ɗauro kaye sama da arba'in a bayan zem, wato babur ɗin haya, na zo gida, na shimfiɗa tabarma bayan la'asar, na fara fama. Ina kan na uku matata Rabi ta dawo daga kasuwar Arzèkè, inda take sayar da atamfa. Ta ajiye jakarta, ta leƙo ta kafaɗata.

"Malam, wannan mene ne?"

Na ce, "Harafin f ne."

Ta juya kayen ta kalle shi ta gefe, ta ce, "Allah Sarki. Na ɗauka ƙugiyar mahauta ce. Kawo in gani."

Rabi 'yar Djougou ce, kuma a ajin ƙarshe na firamare karatunta ya tsaya, lokacin da mahaifinta ya kwanta ciwo aka ce ta riƙa taya mahaifiyarta zaman kasuwa. Ni ban taɓa lura da rubutunta ba, don a waya muke aika wa juna saƙo. Ta goge hannu da zani, ta gyara zama, ta ɗan karkata kayen, ta ɗora biro. Wallahi sai na tsaya da baki buɗe. Biron nan tafiya yake a hankali, ya hau, ya zagayo, ya sauko daidai kan layi, ba gaggawa ba rawa. Da ta gama layin, haruffan duk tsayinsu ɗaya, karkatarsu ɗaya, kamar ɗinkin keke. Na ce ta ƙara ɗaya. Kafin magariba ta gama duka, ni kuwa aikina shi ne miƙa mata kaye da karɓa.

Haka abin ya zama kullum. A aji kuma na samo dabara. Kun san kafin yaro ya taɓa takarda, ana sa shi ya rubuta harafin a iska da yatsa, sannan a kan tebur, sannan a ƙaramin allonsa. To a rubutun iska babu wanda ya kai ni a duk faɗin Parakou. In na ɗaga hannu na zana babban harafi a sama, ina cewa "mu hau, mu zagayo, mu sauko," sai ka rantse da hannun nan aka haife ni. Iska ba ta ajiye shaida. Babban allo kuwa ina gudunsa, sai in ya zama dole nake ɗan karta harafi ɗaya in yi maza in goge. Wata rana wata yarinya mai ido ta ɗaga hannu ta ce, "Metir, na allo ba irin na kaye ba ne." Na haɗe fuska na ce, "Alli daban, biro daban. Kalli kayenki."

Yara suka ɗauki hannun Rabi tas. Kafin zango na biyu ya ƙare, ajina ya zama abin kwatance. Wani Alhaji mai shagon hatsi ya tare ni a ƙofar masallaci ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce rubutun ɗansa ya fi na magatakardansa kyau, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Na ce amin (hannun da ake nufi yana can Arzèkè yana auna yadi). Direkta ya riƙa ɗaga kayen ajina a taron malamai. Ni kuma, maimakon in ji kunya, sai kaina ya kumbura. Har shawara nake ba abokan aiki, ina cewa, "Ba wani sirri, haƙuri ne kawai da horo."

Rabi ta faɗa min gaskiya, ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Malam, ka zauna in koya maka. Wata biyu ya isa."

Na ce, "Ni da takardun shaidata zan koma zanen a da b? Ke dai ci gaba, Allah ya ba ki lada."

Ta ce, "To. Ranar da za a ba ka alli ba na nan."

Ranar ta zo da kanta. Direkta ya kira ni ofis ya ce an shirya taron ƙara wa juna sani na malaman ƙananan azuzuwa a Djougou, kuma ni zan nuna musu yadda muke yi a Parakou. Ya ce, "Metir, in ka fitar da mu kunya, baɗi kai ne shugaban ƙananan azuzuwa." Nan take na yi lissafi: zan kai kayen yara a zagaya da su, in yi bayani, in yi rubutun iska, in zauna. Wa zai ce wa gwani ya tabbatar?

Da farko komai ya tafi daidai. Na yi bayani da Faransancina mai santsi, kaye suna yawo hannu zuwa hannu, ana gyaɗa kai. Aka yi min tafi. Ina shirin komawa kujerata sai wata tsohuwa da ke zaune a gaba ta ɗaga sandarta. Madam Barakatu ce, tsohuwar malama da ta yi ritaya, wadda aka gayyato don girmamawa. An ce rabin masu rubutu a garin ita ta kafa musu hannu. Tun da aka miƙa mata kaye ɗaya ba ta sake shi ba, ta kawo shi dab da gilashinta tana bin jan layin da yatsa.

Ta ce, "Ɗana, ga alli nan. Rubuta mana sunan garin nan kawai, mu gani."

Jama'a, ku dubi kalmar Djougou. Babban harafi mai lauje a gaba, wutsiya biyu a ciki, ga zagaye-zagaye. Da ta ce in rubuta sunana ma da sauƙi.

Na yi murmushi na ce, "Mama, yadda ƙa'ida take, bari mu fara a iska." Na sa malaman nan duka suka ɗaga yatsa, muka rubuta Djougou a sama. Na ce mu maimaita. Muka maimaita. Ina neman cewa na uku ta ce, "Bon, mun gani a iska. Yanzu a allo."

Na juya. Na ja layuka, na daɗe ina jan su, har da gyara wanda bai karkace ba. Na ɗora alli, ya karye. Na ɗauki wani. Abin da na samar a allon nan, ni kaina ban taɓa ganin irinsa ba. Harafin farko ya fito da tumbi, na biyu ya faɗa cikin na uku, wutsiyar g ta tsallake layi ta tafi abinta. A tsakiyar kalmar ma hannuna ya manta da haɗe, ya koma ɗai-ɗai irin na gidan kawu. Ajin ya yi tsit, ana jin kukan akuya daga waje. Na saci kallon direktanmu, na ga ya ƙura wa silin ido.

Madam Barakatu ta ɗaga kayen da ke hannunta. "Wace ce ta rubuta jan nan?"

Ba ta ce wane ne ba. Ta ci gaba, "Na san mace ce, kuma na san a ajina ta zauna. Wannan ɗan lanƙwasa da ke kan babban harafi, ni nake sa yara su yi shi, ba ya cikin littafi."

Na ce, "Matata ce, Mama."

Dariyar da ta ɓarke, na tabbata an ji ta har kasuwa. Wani malami ya kifa kai a tebur yana dukansa. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, babbar rigata ta jiƙe sharkaf, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Tsohuwar ta buga sanda sau ɗaya, aka yi shiru. Ta ce, "Ku masu dariya, wa zai fito ya rubuta?" Babu wanda ya motsa. Ta tambaye ni sunan matata, na ce Rabi, 'yar gidan masu goro. Fuskarta ta sake. "Rabi mai zama kusa da taga! Yarinyar da ke share allonta da bakin ɗankwali." Ta miƙe da kyar, ta tako zuwa allo. Da safe na ga hannunta yana rawa da ta ɗauki kofin ruwa, amma da ta riƙe alli rawar nan ta tsaya cak. Ta rubuta kalmar a ƙarƙashin tawa, tafiya ɗaya, ba ta ɗaga hannu ba sai da ta zo sa ɗigo. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a allo ba, kuma ina faɗar haka ne duk da cewa kusa da abin kunyata yake.

Sannan ta kama hannuna, ni ƙato mai gemu, ta ɗora nata a kai, muka bi kalmar tare. A hankali, yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Ka matse allin da yawa, ɗana, sake shi. Hannunka ba shi da laifi, ba a koya masa ba ne. Kuma ka gaya wa Rabi ban manta ta ba. Ranar da aka cire ta daga makaranta ban iya cin abinci ba."

A motar komawa, da muka hango Parakou, direkta ya juyo gare ni. Ya ce, "Shugabanci dai ka manta da shi. Aiki kuma, na ba ka zuwa ƙarshen zangon nan. Zan shigo ajinka in miƙa maka alli. In abin da na gani yau na sake gani, ka nemi wani wuri."

Na ba Rabi labari tiryan-tiryan, ban rage komai ba. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, musamman wurin rubutun iska. Da na isar mata da saƙon Madam Barakatu sai dariyar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, ta share ido da mayafi, ta ce, "Shekara ashirin fa. Ashe akwai wanda ya lura." A nan na ji wata kunyar da ta fi ta Djougou, don ni da nake cin yabon hannun nan kullum ban taɓa ce mata yana da kyau ba.

Washegari ta dawo daga kasuwa da sabon kaye irin na 'yan ajina, ta rubuta min samfuri da ja, ta ce in cika shafi. Ban taɓa ganin malama mai tsanani irinta ba. In wutsiya ta wuce layi sai ta ce, "Sake." In na ce na gaji sai ta ce, "Ɗalibanka 'yan shekara shida ba su gaji ba." Kaye huɗu na cinye.

Ƙarshen zango direkta ya shigo kamar yadda ya yi alkawari, ya miƙa min alli a gaban yara. Na rubuta layi guda. Ya matso ya duba, ya ja baya ya duba, ya ce, "Ana iya karantawa." Ya fita. A rayuwata ba a taɓa yi min yabon da ya yi min daɗi kamar wannan ba, saboda shi kaɗai ne nawa.

Yanzu ni nake rubuta wa ajina samfuri, kuma Rabi ta ce na kai matsayin ɗan aji biyu mai ƙoƙari. Darasin da na ɗauka bai da tsawo: in wanda ya fi ka ya ce zo in koya maka a tsakar gida, ka zauna ka koya. In ka ƙi, za a koya maka ɗin dai, amma a garin surukanka, gaban jama'a.